Bangon Mujallar Hausa: Tsakanin Idon Kasuwa da Ƙofar Gida

Mujalla na cikin kayan da ake biyan kuɗinsu kafin a san abin da ke cikinsu. Mai saye ba ya da damar karanta shafi arba'in a gaban tebur, domin mai sayarwa ba zai bar shi ba, saboda haka bango kaɗai ke yin ciniki a madadin editan da marubutansa. Wannan ya sa masu buga mujallun Hausa suka ɗauki bango da muhimmanci, kuma suka tsaya a kan dabara guda: a sa kyakkyawar fuska, a zuba launi mai kashe ido, a rubuta kanun da ke tayar da hankali. Dabarar ta yi aiki na wani lokaci. Sai dai ta manta da abin da duk mai sayar da littafi a gari irin Haɗeja ya sani, wato a ƙasar Hausa bango yana da ƙofa biyu da zai ƙetare. Ta farko idon mai wucewa ne a kasuwa ko tasha. Ta biyu ƙofar gida ce, inda uba ko miji ko uwargida za su ga abin da aka shigo da shi. Bangon da ya ci jarrabawar farko ya faɗi ta biyu yana iya sayar da fitowa ɗaya, amma ba zai raya mujalla ba.

Tarihin ɗab'in Hausa ya nuna cewa gasar bango sabon abu ce. Lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, ba ta da abokiyar hamayya a kan tebur. Littattafan da suka fito daga gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, da waɗanda hukumar NORLA ta buga a shekarun 1950, da na kamfanin ɗab'i na NNPC daga 1966, babban mai sayensu makaranta ce da hukuma. Ɗalibin da malaminsa ya ce ya nemo Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja zai nemo shi ko da bangon fari fat ne, domin sunan mawaƙin da umurnin malam sun riga sun gama cinikin. A wancan zamani aikin bango shi ne ya tsare takarda, ya faɗi sunan littafi da na marubuci, shi ke nan.

Abin ya sauya a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya, sannan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya cika gari a farkon shekarun 1990. Waɗannan littattafai ba su da manhaja a bayansu. Dole su tsaya a rumfunan Kano tare da ɗaruruwan irinsu, kowane yana neman ido. Da farko masu zane ne ke yin bangon da hannu, saurayi da budurwa a gindin bishiya ko a gefen mota. Da kwamfuta ta shigo, sai hoto ya kori zane, aka riƙa ɗauko fuskokin 'yan fim na Indiya da na Larabawa ana liƙawa a kan labarin da ya faru a Fagge ko Gwammaja. Mujallun fim sun gaji wannan salo. Tauraruwa, wadda Sunusi Shehu Daneji ya kafa a Kano a 1998, da Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a Kaduna a watan Maris na 1999, da waɗanda suka biyo bayansu, duk sun jingina da fuskar ɗan wasa. Bambancinsu da littattafan shi ne fuskar ta gida ce, wadda mai saye ya riga ya gani a kaset. Auren jaruma, mutuwar jarumi, rigimar furodusa da darakta, su ne kayan bango.

Ya kamata a yi wa wancan zamani adalci, domin ya gano abubuwa na gaskiya game da idon Bahaushe. Ya gano cewa fuska ɗaya babba mai kallon mai saye ta fi tarin ƙananan hotuna jan hankali. Ya gano cewa saman bango shi ne wuri mafi tsada, tunda mai tebur yana jera mujallu wata a kan wata, sama kaɗai ke leƙowa, don haka suna da babban kanu can ya kamata su zauna. Ya gano cewa ja da rawaya sun fi jure rana da ƙura a ido fiye da launi mai sanyi. Kuma ya gano amfanin kama ɗaya da ba ta sauyawa, abin da manyan mujallun duniya suka daɗe da riƙewa: Time ta Amurka tana da jan layi kewaye da bangonta tun 1927, National Geographic kuma rawaya, har mutum na gane su daga nesa kafin ya karanta harafi ɗaya. Waɗannan darussa suna nan daram, kuma duk mai tsara bango da ya yi watsi da su zai kwana da kayansa.

Inda aka yi tuntuɓe shi ne a ƙofa ta biyu. Mafi yawan masu karanta littattafan soyayya da mujallun fim mata ne da matasa, kuma da yawansu ba su ke zuwa kasuwa ba. Matar aure tana aiken yaro, budurwa tana karɓa daga ƙawa, ɗalibi yana shiga da ita ɗakin kwana. Kwafi ɗaya yana zaga gidaje da yawa ta hanyar aro ko haya. Duk hannun da mujallar ta bi, bangon ake fara gani, kuma wanda ya gani sau da yawa ba shi ne zai karanta ba. Da gasa ta yi zafi, wasu masu bugawa suka riƙa ƙara gishiri, hoto ya ƙara tsiraici, kanu ya ƙara ƙarya. Abin da ya biyo baya sananne ne. Gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim a ƙarshen 2000, aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, a 2007 kuma aka ƙona littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, Hukumar Tace Finafinai ta kuma nemi marubuta su yi rajista. Dalilan wannan dambarwa suna da yawa, da siyasa a ciki. Amma akwai abin lura: da yawa daga cikin masu tsine wa littattafan ba su taɓa karanta su ba. Bangon suka gani suka yanke hukunci, har littafin da ke wa'azi a kan auren dole da ilimin mata ya sha duka saboda hoton da marubuciyarsa wataƙila ba ita ta zaɓa ba.

Haɗeja wuri ne mai kyau na auna wannan magana, domin ta yi nisa da maɗaba'un Kano da Kaduna, kuma gari ne da kowa ya san ɗan gidan wane. Wanda ya sayi mujalla a tasha zai ratsa unguwa da ita, ya gaisa da dattawa a ƙofar masallaci, ya wuce ta zaure. Idan sai ya naɗe ta ya cusa a aljihu, gobe zai yi tunani kafin ya sake saye. Ga kuma wata matsala da ta fi wannan girma: mutumin wannan yanki kusan bai taɓa ganin kansa a bango ba. Masarautar Haɗeja tana da ƙananan hukumomi 8, wato Haɗeja da Auyo da Birniwa da Guri da Kafin Hausa da Kaugama da Kiri Kasamma da Malam Madori, kuma rayuwar yawancinsu a kan kogi take. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sauya, kachala ta toshe hanyoyinsa, tsuntsayen jan-baki suka sami mafaka a cikinta suna cinye shinkafa. A 2020 da 2022 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje, matasan gari suka kwana a bakin jinga suna jera buhunan ƙasa. Akwai masunta da kasuwar kifi, akwai noman rani a Auyo, akwai dausayin Baturiya da tsuntsayen Turai ke sauka a cikinsa da hunturu, akwai tarihin Sarki Muhammadu da ya yi shahada a yaƙi da Turawa a 1906. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hoton da zai tsayar da mai wucewa, kuma babu wanda za a ji kunyar ajiyewa a tsakar gida.

Mai sana'a zai ce wannan zancen malamai ne, shi kuwa kuɗi ya zuba, kuma fuskar jaruma ita ke dawo da su. A 1999 yana da gaskiya, domin a lokacin wanda ke son hoton Ali Nuhu ko labarin auren wata jaruma ba shi da inda zai samu sai mujalla. Yau wannan kaya ya zama kyauta. Jarumar da kanta take saka hotunanta a Instagram da TikTok, labarin mutuwar aurenta kuma ya gama zaga WhatsApp kafin a kai bango maɗaba'a. Mujallar wata-wata da ke gasa da waya a kan fuskar taurari ta shiga tseren da aka gama. Abin da waya ba ta bayarwa shi ne abin ajiyewa: cikakken bayanin dalilin da ya sa ruwa ke cin gonar mutum, hoton hawan sallar garinsu da aka ɗauka da kyau, tarihin gidan sarauta, hira da malamin da ya karantar da rabin gari. Lissafin riba da kansa ya koma gefen bangon da za a iya ajiyewa.

Wani zai zo ta ɗaya gefen ya ce, tunda hoto ne ke jawo fitina, a cire shi gaba ɗaya, a bar rubutu da ado kamar littattafan addini. Wannan ma kuskure ne. Littafin addini yana da mai nemansa da suna, kamar littafin makaranta na da. Mujalla kuwa dole ta kira wanda bai fito don ita ba, kuma a cikin masu wucewa akwai wanda karatun bokonsa bai yi ƙarfi ba, hoto ne ke gaya masa abin da ke ciki. Fuskar mutum ba ita ce laifi ba. Fuskar manomi a tsaye cikin ruwa zuwa ƙugu a gonarsa tana da ƙarfin da ya wuce na kowace kwalliya. Fuskar mace ma tana da gurbi a bango, ko 'yar fim ce ko malamar asibiti ko mai sarrafa shinkafa, matuƙar don labarinta aka sa ta, kuma da saninta.

Akwai kuma masu tsoron cewa yin la'akari da ƙofar gida tace kai ne, wato edita ya ɗaure kansa tun kafin hukuma ta ɗaure shi. Wannan tsoro yana da tushe, amma ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Kunya dabam, tsoro dabam. Mujallun Newswatch da Tell sun yi ƙaurin suna a zamanin soja da banguna masu zafi, kuma babu magidancin da ya ɓoye su daga iyalinsa. Bangon da ya tambayi inda kuɗin yashe kogi suka shiga, ko dalilin da ya sa ambaliya ke dawowa bayan kowane alkawari, ya fi hoton rawa buƙatar ƙarfin hali. Abin da ƙofar gida ke ƙi shi ne batsa da ƙarya. Kanun da ya yi alkawarin tonon asiri, aka buɗe aka tarar da jita-jita, yana cin amanar gida guda ne, kuma a garin da kwafi ɗaya ke zaga unguwa, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Daga nan ƙa'idojin aikin suke fitowa da kansu. Labari ɗaya ya mallaki bango, da hoto ɗaya na gaske wanda aka ɗauka a wurin, ba wanda aka kwaso daga intanet ba. Babban kanu ya zama gajere, cikin Hausar da ake faɗa a bakin kasuwa, da haruffa masu kauri da za a karanta daga tsallaken titi. Ƙananan kanu kada su wuce uku ko huɗu, kowane da alkawarin da aka cika a ciki. A kula da haruffa masu lanƙwasa, domin bangon da ya kasa rubuta ƙ da ɗ da ɓ daidai ya riga ya gaya wa mai karatu irin kulawar da aka yi wa sauran shafuka. Suna da launin mujalla su tsaya wuri ɗaya daga fitowa zuwa fitowa. Sannan a rage bangon ya koma girman hoton waya a duba, tunda a yau can za a fara ganinsa kafin motar Kano ta iso da kwafi.

Kira a nan ga masu buga mujallu ne da matasan da ke koyon zayyana a shagunan kwamfuta da manyan makarantun Jigawa, irin su Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗeja da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa. Kafin a aika bango maɗaba'a, a yi masa tambaya biyu: zai tsayar da mai wucewa, kuma wanda ya saya zai iya miƙa wa mahaifinsa ya duba? Idan amsar ɗaya ta zama a'a, a sake zama a kansa.