Kalmomin da Muka Ara wa Ƴan Siyasa

Kamarad, ku ɗauki biro ku jera waɗannan kalmomi: Nasara, Rahama, Tarayya, Zaman Lahiya, Jama'a, Lumana, Kishin Ƙasa, Canji. Wanda bai san Nijar ba zai ce kanun huɗubar Juma'a ne. Mu kuwa mun san sunayen partin siyasa ne. A wannan ɗan littafi namu mun saba yi wa waƙa da gajeren labari sharhi, mu ce nan marubuci ya cika alkawarin da ya ɗauka a farkon shafi, nan kuma ya gaza. Yau da wannan ma'aunin nake so mu auna rubutun da ya fi kowane yawan masu karatu a ƙasar nan, wato taken ƴan siyasa.

Abin yabo tukuna. Gajarta sunan parti ana yin ta da haruffan Faransanci, MNSD, CDS, PNDS, amma sunan da ake zuwa da shi ƙauye neman ƙuri'a na Hausa ne. Tun zamanin Sawaba ta Djibo Bakary aka gane tsohuwar da ke Kance ba za ta ba haruffa ƙuri'arta ba, sai kalmar da ta sani. Bayan babban taron ƙasa na 1991, wanda André Salifou ya shugabanta, kowa ya shiga rumbun harshe ya ɗebo mai kyau. Wajen zaɓen kalma, gaskiya sun iya.

Matsalar tana shafi na biyu. A 1993 an zaɓi Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram, da kirarin canji. Rahama da Tarayya suna tafiya tare a lokacin. Kafin ƙarshen 1994 tarayyar ta watse, rikici ya ci gaba tsakanin shugaban ƙasa da firaminista, har soja suka karɓe a Janairun 1996. A 2009 aka kawo mana tazarce, kalmar da maƙwabtanmu suka sha a zamanin Abacha. A bakin mutane tazarce na nufin aiki ya ci gaba. A aikace Tandja ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki don ya ƙara shekara 3, kuma ran 18 ga Fabrairun 2010 soja suka sake dawowa.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne na Oktoban 2013. An tsinci gawa 92 a hamada, arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, kuma mafi yawansu daga nan yankin Kance suka tashi. An yi makokin kwana 3. To tarayya da wa aka yi, in uwa ta gwammace ta goya ɗanta ta ratsa Sahara don ta yi bara? A 2020 kuma binciken ma'aikatar tsaro ya yi maganar kusan miliyar 76 na sefa da suka salwanta wajen sayen kayan soja, ƴan watanni bayan an binne sojoji 71 na Inates. Ban ji wanda ya fito ya ce, ku yi haƙuri, kalmar da na ara na ɓata ta.

Na san a fada yanzu wani zai ce: “Ai shi ya sa aka kore su, kamarad. Yanzu zancen ƙasa ne.” To mu auna wannan ma, don ma'aunin da ke aiki kan wanda ya faɗi kaɗai ba ma'auni ba ne, tsoro ne.

Taken da ya biyo bayan 26 ga Yulin 2023 ya fi na baya ƙarfi, kuma ni ma na faɗe shi da bakina. Lokacin da CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakar Ɗan Barto, mudun shinkafa ya hau, wa zai ce ba zancen ƙasa ba ne? Da sojan Faransa suka kammala fita a Disamban 2023, mutane da yawa sun ji an mayar masu da wani abu nasu. Wannan jin gaskiya ne, ban raina shi ba.

Amma take yana da aibi guda: yana iya zama murfi. Ka tambayi yaushe kuɗin karatun ɗalibai zai fito, a ce maka yi shiru, zancen ƙasa ne. Ka tambayi me ya sa aka tsare Mohamed Bazoum ba a kai shi gaban alƙali ba, ko me ya sa aka kama Moussa Tchangari a Disamban 2024, a ce kai ɗan koren Faransa ne. Wani dare wajen shayi na yi irin wannan tambaya, abokina na tun firamare ya kwana biyu bai gaishe ni ba. Ban ce kowa mai gaskiya ne ba. Cewa na yi wanda ake zargi a kai shi kotu, ko muna son sa ko ba mu so. In ƙasa tamu ce duka, zancenta ma namu ne duka, har da mai tambaya.

Laifi tudu ne, don haka bari in taka namu. Mu ne masu tafi. Mu muka cika gangamin jiya don jikka guda da riga mai hoto, mu muka cika na yau. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma bafaden zamanin nan yana da waya da WhatsApp. Ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ran 9 ga Fabrairun 1990 ba tafi suka fita yi ba, tambaya suka fita yi.

A Maris ɗin 2025 an rushe partin siyasa gaba ɗaya, kuma sabuwar dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa. Kenan kalmomin nan sun dawo gida, ba su da mai riƙo. Rahama ta koma rahama, lumana ta koma lumana. Wasu za su sake zuwa aro, da kaki ko da babbar riga.

Shawarata ƙarama ce. Kowace fada ta sayi kaye guda. Duk mai mulkin da ya yi alkawari kan yankinmu, ruwa ne, hanya ce, aji ne, a rubuta ranar da abin da ya ce. Bayan shekara a buɗe a karanta da ƙarfi, ko wa ke bisa kujera. Alkawari kaya ne, amma sai in akwai wanda ya tuna inda aka ɗaura shi.