Littafin da ya sasanta ni da "had"

Ni dai a bar ni da littafin nan na Raymond Murphy, English Grammar in Use, wanda maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ta fara bugawa a 1985. Nawa na hannu ne, mai shuɗin bango, na sayo shi a Sabon Garin Kano. Tun a mota, a kan hanyar Gwarzo zuwa Dayi, na buɗe babi na 15, kuma wallahi kafin mu sauka na gane abin da ya shekara goma yana wahalar da ni.

Tsarin littafin kansa abin so ne. Bayani a shafin hagu, aikin gwaji a shafin dama, amsoshi a can ƙarshe. Ba dogon Turanci, ba tsoratarwa. Amma babin past perfect, wato na 15 ɗin, shi ne ya tafi da imanina.

A da, ni da yaran da nake yi wa darasin yamma kafin jarrabawar WAEC, mun ɗauka "had" ado ne da ake liƙa wa duk abin da ya daɗe da faruwa. Sai yaro ya rubuta "I had gone to Funtua last year" yana ganin ya burge, alhali "I went" ta wadatar, tunda abu ɗaya ne ya faru. Ashe sai in abu biyu sun wuce, kana son nuna wanda ya riga ɗan'uwansa, sannan "had" take da gurbi. Mu a Hausa ba ma taɓa jikin aikatau. "Riga" muke sakawa, mu ce ya riga ya tafi. Su kuwa Turawa a jikin aikatau suke nunawa.

Ranar da na kai wa yara wannan, da masara na yi musu misali, don ita muka sani. Na rubuta a allo: "When I reached the market, the broker sold my maize." Sannan na ƙara kalma ɗaya tak: "the broker had sold my maize." Na ce wa zai bambanta? Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, na farko a gabanka dillali ya sayar. Na biyu kuwa ka tarar ya gama ciniki, sai abin da ya ce maka." Ajin duka ya ɗauki sowa. Ni kuwa daɗi ya cika ni, domin duk manomin da ya taɓa kai buhu kasuwar Malumfashi ya san nisan da ke tsakanin waɗannan jimloli biyu.

Allah ya saka wa marubucin nan da alheri. Yanzu littafin yana yawo gida-gida a unguwarmu, bangon ya yage har na ɗaure shi da salatif, kuma mutum uku ne ke layin aro.