Hannun Mai Ɗori a Aliero

Abu biyu suka fitar da sunan Aliero: albasa da ɗori. Daga Jega da Maiyama, kai har daga Nijar, ana ɗauko wanda ya samu karaya ko gocewar ƙashi a nufi garin. Jama'a sun fi yaba ƙarfin hannun mai ɗori sa'ad da yake jan ƙafa yana mayar da ƙashi mazauninsa. Ni kuwa abin da ya fi burge ni shi ne taɓawar da yake yi a hankali kafin ya kai ga jan.

Gwani ba ya afka wa wurin ciwo. Sai ya fara ɗora hannu a kan lafiyayyar ƙafar, ya ɗan dakata, sannan ya koma kan wadda ta kumbura, yana bin ta daga gwiwa zuwa idon sawu. Yatsunsa suna laluben inda ƙashi ya rabu, fatar hannunsa kuma tana sauraren ɗumi. Inda nama ya ji rauni jini yakan taru, wurin ya fi maƙwabcinsa zafi.

A cikin fatarmu akwai bakunan jijiyoyi sirara ƙwarai, wasu na jin ɗumi, wasu na jin sanyi, kuma na sanyin sun fi yawa. Su ke aika saƙo ta laka zuwa ƙwaƙwalwa. Ba su iya faɗin digiri nawa ne, amma wajen gane bambanci ba dama. Tsoma hannu ɗaya a ruwan randa, ɗayan a ruwan ɗumi, sannan ka haɗa su cikin ruwa tsaka-tsaki: ɗaya zai ce da ɗumi, ɗaya ya ce da sanyi. Shi ya sa fara taɓa lafiyayyar ƙafa dabara ce babba. Likitan asibiti ma haka yake gwada gaɓa da 'yar'uwarta.

Masana sun daɗe ba su san yadda jijiya ke gane zafi ba. A 1997 David Julius na Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka ya yi amfani da sinadarin da ke sa barkono yaji, ya gano wata 'yar ƙofa a jikin jijiyar, mai suna TRPV1, wadda ke buɗewa idan zafi ya kai wajen digiri 43. Barkono yaudararta yake yi, shi ya sa mai cin yajin tsire yake zufa. A 2002 shi da Ardem Patapoutian, kowa a nasa ɗakin bincike, suka gano ta sanyi, TRPM8, wadda sinadarin na'ana'a ke buɗewa. A 2021 aka ba su kyautar Nobel. Albasar Aliero ma da hannunta a ciki: hawayen da take sa mai yanka ta, dangin waɗannan ƙofofi ne take tsokana a ido.

Kowa da irin waɗannan jijiyoyi aka haife shi. Abin da ɗan gidan ɗori ya fi mu da shi, tun yana yaro yake riƙe wa mahaifinsa kara da tsumma, ya taɓa ƙafafu bila adadin, har ƙwaƙwalwarsa ta san ɗumin rauni mai warkewa da zafin wanda ya fara ɗurar ruwa.

A ganina, a wajen sanyi ake gane gwanin gaske. Bayan an jera kara an ɗaure, mai hankali yakan taɓa yatsun ƙafar. In da ɗumi, jini na gudu. In sun yi sanyi, ɗaurin ya matse ko hanyar jini ta toshe, kuma ta nan ne ƙafa ke ruɓewa har a kai ga yanke ta. Mai ciwon suga ya fi shiga haɗari, domin cutar na kashe jijiyoyin ƙafa, ba lalle ya ji komai ba.

Don haka mai jinya, kada ka bar wa mai ɗori aikin shi kaɗai. Riƙa taɓa yatsun majinyacinka safe da dare. Da ka ji sun yi sanyi, ko sun canza launi, ko ya ce ba ya jin su, a sassauta ɗaurin a garzaya asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye.