Gambari da zobban da ba su kai bakin Seme ba

Duk wanda ya karanta tarihin aikin Farfesa Ibrahim Gambari zai jinjina masa. Ɗan gidan sarautar Ilori ne, ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Janar Buhari daga 1984 zuwa 1985, sannan ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1990 zuwa 1999. A 1994, lokacin kisan kiyashin Ruwanda, yana cikin 'yan tsirarun da suka nemi a ƙarfafa sojojin Majalisar da ke can maimakon a kwashe su. Wannan kam ba mai ƙwace masa.

To amma mu nan Agege, da wani ma'auni muke auna jakada: me aikinsa ya yi wa mai fatauci?

An fi sanin Gambari da ra'ayin nan na zobba, wani cikin wani. Wai zoben ciki shi ne tsaron Najeriya da maƙwabtanta na jiki, irin su Nijar, Binin, Cadi da Kamaru; sai Afirka ta Yamma; sai Afirka baki ɗaya; sai sauran duniya. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Sai dai gwamnatin da ya yi wa minista ita ce ta garƙame iyakokin ƙasa a watan Afrilun 1984, lokacin canjin kuɗi, ba a kuma buɗe ba sai 1986 zamanin Babangida. Ku tambayi dattawan da suka yi dillancin shanu da goro a wancan lokaci. A Nijar rufewar ta zo daidai da fari, hatsi ya daina ƙetarawa, har mutane suka laƙaba wa yunwar shekarar suna "El Buhari". A 1985 kuma aka sake korar baƙi, galibinsu 'yan Gana. Ina zoben ciki a nan?

Masu kare shi suna cewa soja ne ke yanke hukunci, minista sai dai ya yi wa duniya bayani. Akwai gaskiya a ciki. Littafinsa na 1989, Theory and Reality in Foreign Policy Making, sunansa ma kaɗai ya nuna ya san akwai tazara tsakanin karatu da aiki. Amma fa masani ba ya fita laifi don ya iya bayyana matsala da Turanci mai kyau.

Abin mamaki, sai ga shi an maimaita. Buhari ya sake rufe iyaka a watan Agustan 2019, Gambari ya zama shugaban ma'aikatan fadarsa a Mayun 2020, ya tarar da Seme a rufe, kayan mutanenmu na ruɓewa a kan tireloli. Sai a Disambar shekarar aka buɗe Seme, Illela, Maigatari da Mfum, shinkafa kuwa aka ce har yanzu ba ta shigowa.