Masallacin Hammamet Cikin Fentin Ruwa

Duk wanda ya zauna Kakuri ya san atamfa, gama tun 1957 aka buɗe masaƙar farko a can, kuma unguwar ta daɗe tana cin abinci da zane kafin masaƙun su durƙushe. Mace takan ɗaura atamfa mai jan ganye da shuɗin tsuntsu, ba mai ce mata ganye ba ja ba ne. To, da irin wannan ido ya kamata a dubi hoton da za mu yi magana a kansa.

Mai shi wani Bature ne, Paul Klee, haifaffen Suwizalan. A cikin Afrilu 1914 ya ziyarci Tunisiya, har ya kai Ƙairawan, garin mai Risala. A tafiyar nan ya zana masallacin wani gari na bakin teku, Hammamet. Hoton yana gidan ajiyar hotuna na Metropolitan a New York, tsawonsa kuwa bai fi taƙi guda ba.

Fentin ruwa ba shi da kauri, farin takarda yana leƙowa ta ƙarƙashinsa. In aka ɗora launi bisa launi sai na uku ya fito. Da wannan Klee ya yi wasa. A sama ga masallaci da hasumiya da lambuna, kowa ya gani ya gane. Amma da ido ya gangaro ƙasa sai gari ya narke, ya zama ƙyalle-ƙyalle na ja da kore da ruwan hoda, suna shiga juna. Haka mafarki yake: ka san garin da kake, amma ka farka ba ka iya ƙirga ƙofofinsa.

Wani zai ce ai yaro ma ya yi haka. A'a. Yaro yakan cika ruwa har launuka su dagule kamar kududdufi. A nan kowane launi ya san iyakarsa. Aibin da muka gani shi ne, rabin ƙasa ya yi nisa da gari ƙwarai, da ba don hasumiya ba da baƙo ya ɓace.

Mai karatu, tuna ran da ka fara shiga ajin yaƙi da jahilci, baƙaƙe suka yi maka kamar sawun kaji. Haƙuri ka yi har suka yi magana. Hoto ma haka yake so.