Manyan Kaya da Ƙananan Kaya: Sharhi a kan Muhawararmu

Jama'a, muhawarar da muka yi kwanan baya a wannan ƙungiya tamu a kan suturar ɗalibi ta ƙayatar, amma ni dai na fito zauren ban gamsu ba. Masu goyon bayan manyan kaya sun ce duk wanda ya sa wandon jins da 'yar shat ya yar da al'adarsa. Masu kare ƙananan kaya kuwa suka ce babbar riga kayan zaman banza ce, ba ta shiga ɗakin gwaje-gwaje, ba ta hawa babur. Kowane ɓangare ya sha tafi, amma babu wanda ya tambayi inda rigar da ke wuyansa ta fito.

Bari in fara da kaina. A hutun da ya wuce na sauka mota a Kankiya, na ƙarasa garinmu Bauranya sanye da ƙananan kaya. Bayan mun gaisa, kawuna ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ɗana, ashe boko har riga yake ci?" Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Kawu, zafin hanya ne." Ran Juma'a sai na caɓa ado da shadda mai maiƙo don in wanke laifina. Da ya shafa hannun rigar sai ya yi murmushi, ya shiga ɗaka ya fito da tsohuwar rigarsa ta saƙi mai aska takwas. Audugarta a gonarsu aka noma, kakarmu ta kaɗa zaren da mazari, masaƙin ƙauye ya saƙa, maɗinki ya yi watanni yana aikin wuyanta da allura. Ya ce, "Taka fa, wa ya saƙa?" Na rasa ta cewa.

To, wannan tambaya ita ce muhawararmu ta tsallake. Geznar da muke tinƙaho da ita daga kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya take zuwa, mai rahusar kuma galibi daga Sin, aikin wuyan ma sau da yawa inji ke yi. Masaƙar Kaduna, wato KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, UNTL kuma ta tsaya a 2007, ma'aikata dubbai suka rasa abin yi. Ashe ke nan mai gezna daga Kantin Kwari da mai gwanjo daga Ƙofar Wambai duk baƙon yadi suka yafa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Haka kuma masu cewa girman riga shi ne girman mutum sun manta da tarihi. Gaskiya ne Sardauna Ahmadu Bello ya yi fice da manyan riguna da rawani, sun kuma dace da shi. Amma Malam Aminu Kano, har ya rasu a 1983, da farar riga marar ado da jar hula aka san shi, ba wanda ya taɓa cewa ya fita daga Hausawa.

Su ma 'yan ƙananan kaya hujjarsu ba ta cika ba. In sauƙi ake nema, ai kakanninmu sun riga mu: manomi bai taɓa shiga gona da babbar riga ba, yana da 'yar shara da taguwa. Wanda kuma ya je ɗaurin aure ko gaisuwar mutuwa da matsattsen wando yagagge a gwiwa, ba zafi ya guje wa ba, mutanen wurin ya raina.

Ni a nawa ra'ayin, kaftani marar nauyi da hula sun ishe ni zuwa lacca, babbar riga kuwa ta jira Juma'a da Salla da ɗaurin aure. Abin da na ƙi shi ne ɗalibi ya ci bashi, ko ya taɓa kuɗin rajista, don ya ɗinka gezna ya burge abokai. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce, a bikin Makon Hausa mai zuwa a ware rana guda da kowa zai zo da tufar da aka saƙa, ko aka rina, ko aka yi wa aikin hannu a ƙasar nan, ko da hula ce kawai. Ni dai na riga na roƙi Kawu aron rigarsa, ya ce sai ya ga sakamakon jarrabawata tukuna.

Wasalam.