Gwanin Tarwaɗa da Karatun Ruwa a Potiskum

Potiskum an san ta da kasuwar shanu da hatsi da manyan motocin dakon kaya, kuma babu wani babban kogi da ya ratsa ta. Kifin da aka saba ci banda ne daga Gashuwa da Nguru, inda kogin Yobe da fadamun Haɗejiya suke. Amma a bayan gidaje akwai tankunan siminti da na tamfol cike da ruwan burtsatse, ana kiwon tarwaɗa a ciki. A kogi ruwa na gudu ya tafi da ƙazanta. A tanki kuwa babu inda za ta je, sai an fitar da ita da hannu, kuma daga nan duk ilimin wannan sana'a ya taso.

Gwani ba ya fara safiyarsa da watsa abinci. Tsayawa yake yi a bakin tanki shiru, ya duba launin ruwan, ya sunsuna, sannan ya nutsa hannu har gwiwar hannu ya ga ko yana iya ganin tafinsa. Duhun ruwa iri-iri ne a wurinsa. Idan kore ne, gansakuka ce ta yi yawa: da rana tana ba ruwa iskar oksijin, da dare kuma ita ma shaƙa take yi, shi ya sa asuba ce lokacin da kifi ya fi galabaita. Idan ja-ja ne kamar ƙasa, laka ce daga rijiya, a bar ruwan ya kwanta kafin a zuba. Wanda ya fi tsoro shi ne fari-fari mai wari da kumfa a sama. Wannan ƙwayoyin bakteriya ne suka hayayyafa a kan ragowar abinci da kashin kifi, suna cinye iskar da kifin ke buƙata.

Akwai kuma dafin da ido ba ya gani. Kifi na fitar da amoniya ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai. Wasu bakteriya masu amfani da ke manne a bangon tanki suna mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait zuwa naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce. Sai dai waɗannan ma'aikata sukan ɗauki makonni kafin su yi yawa, saboda haka sabon tanki ya fi kashe kifi. Amoniya tana ƙara dafi idan ruwa ya yi zafi ko kaifin tokarsa ya hau, kuma sabon siminti yana sakin irin wannan kaifi. Don haka gwani yakan jiƙa sabon tanki kwanaki, ya zubar, ya sake cikawa, har sai takardar gwaji ta nuna ma'aunin wannan kaifi, wato pH, tsakanin 6.5 da 8.5. Naitirait kuwa jini yake shiga ya mayar da shi ruwan ƙasa, ya hana shi ɗaukar iska, sai ka ga kifi na haki alhali ruwan garau yake.

Da ya ga ruwa ya juya, abu na farko da yake yi shi ne ɗauke hannu daga buhun abinci. Tarwaɗa ba ta mutuwa don ta kwana ɗaya ko biyu ba ta ci ba. Sannan ya buɗe bututun ƙasa, domin dattin a gindi yake taruwa, ya sauke kashi ɗaya cikin uku ko rabin ruwan. Ba ya zubarwa duka, ba ya kuma goge bango da sabulu. Sabon ruwan yakan sake shi daga sama ya faɗo yana fantsama, saboda ruwan burtsatse na fitowa da ƙarancin iska. Kafin ya sake, sai ya taɓa ruwan biyu da bayan hannu. Ruwan da ya wuni a tankin sama a watan Afrilu yana iya yin zafi ƙwarai, wanda ya kwana cikinsa a hunturun Janairu kuma ya yi sanyi ƙarara, ita kuwa tarwaɗa ta fi jin daɗi tsakanin digiri 26 da 30. Tsohon ruwan ba ya tafiya a banza, lambun alayyafo da zogale yake sha.

Idan cuta ta shigo, jikin kifin ne littafinsa. Kifin da ya tsaya a miƙe, kai sama wutsiya ƙasa, ruwa ne ke damunsa ko numfashi. Gashin baki da ya yi fari ya fara gutsurewa, da jan gyambo a ciki, aikin bakteriya ne irin su Aeromonas. Ƙoƙon kai da ya tsage yawanci daga abinci ne, an danganta shi da ƙarancin bitamin C, musamman a buhun da ya daɗe a ajiye cikin zafi. Fararen ɗigo kuma, tare da gogar jiki a bango, wata ƙwaya ce mai suna Ichthyophthirius. Nan ne haƙurin gwani ya fi burgewa. Ya san magani ba ya taɓa ƙwayar muddin tana ƙarƙashin fata. Sai ta ƙoshi ta faɗo gindin tanki, ta rufe kanta, ta rarrabu ɗaruruwa, sannan 'ya'yan su fito neman sabon kifi, kuma a wannan ɗan taƙaitaccen lokaci ne kawai ake kama su. Saboda haka ko ɗigon ya ɓace ba ya tsayawa. Maimaita magani yake yi yana tsotse gindin tanki, kuma a hunturu yakan ƙara kwanaki domin sanyi na jinkirta zagayen.

Kayan aikinsa ba su da yawa: bokitin keɓe marar lafiya, raga ɗaya ga kowane tanki, sikeli, da gishiri. Gishirin auna shi yake yi, kamar gram 2 zuwa 3 a kowace lita, ya narka a bokiti tukuna. Yana rage wa kifi wahala, yana kuma tare wa naitirait hanyar shiga jini.  

Wani mai tankin sai ya ga gawa ta taso yake rugawa kantin magani, ya juye maganin kashe bakteriya a ruwan da bai sauya ba. Gwani ba ya kai hannu ga irin wannan magani sai likitan dabbobi ya duba, kuma idan ya yi amfani da shi yakan jira wa'adin fitarsa daga jikin kifi kafin ya kai kasuwa, domin mutane ne za su ci. Sabbin 'ya'yan kifi kuma ba ya haɗa su da tsofaffi. Ledar da aka kawo su a ciki yake ɗorawa a kan ruwa har zafinsu ya daidaita, ya riƙa ɗiban ruwan tankin kaɗan-kaɗan yana zubawa ciki, sannan ya sake su a tankinsu na daban ya sa musu ido mako biyu.